Mudun da Muka Auna Aikin Malama da Shi

Duk malamin da ya nemi ƙarin girma a shekarar, ambulan ɗaya ya kawo mini. Na Malama kuwa sai da masinja ya ɗauko shi a ka, kwali guda ɗaure da igiya. Ni ne sakataren kwamitin da ke duba takardun ƙarin girma a sashenmu na harsuna, a wata babbar makaranta a nan Legas. Zan sakaya sunan makarantar, ita ma mai kwalin zan tsaya a kan "Malama", yadda ɗalibai ke kiranta. Ta karanta wannan rubutu kafin in sake shi, ta kuma amince da shi har da wuraren da ba su yi mata daɗi ba.

Tana neman hawa ne daga babbar laccara zuwa matakin da ke ƙasa da na farfesa. A tsarin manyan makarantunmu, a wannan mataki ne ake aika rubuce-rubucen mutum ga masana na waje su karanta su yanke hukunci. Sai dai kafin a aika, dole mutum ya tsallake ƙofar farko: a cike masa fom, a tara maki, a ga ko ya kai adadin da aka yanka. Wanda bai kai ba, ko shafi ɗaya na aikinsa babu masanin da zai gani. A bakin wannan ƙofa Malama ta tsaya.

Abin da ke cikin kwalin

Malama haifaffiyar Agege ce, jikar falken goro. Wanda bai san tarihin wurin ba sai ya ɗauka Hausawan Agege baƙin jiya ne. Kafin zuwan jirgin ƙasa, fatakenmu da jakuna suke tafiya Gwanja, kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yau, su shafe watanni kafin su dawo da goro. Har gobe Yarabawa "gbanja" suke kiran irin goron da muke ci, daga sunan Gwanjar ne. Da noman wannan goro ya bazu a kurmin Agege da Ota da Shagamu, jirgi kuma ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sai harkar ta karkato kudu. Aka yi zango kusa da tasha, aka sami masu masauki da dillalai da masu ɗaurin huhu, aka gina masallatai da makarantun allo, aka hayayyafa. Masana sun yi rubutu mai nauyi a kan wannan fatauci da zangunan kudu: Abner Cohen a kan unguwar Sabo ta Ibadan a 1969, Mahdi Adamu a 1978, Paul Lovejoy a 1980. Da Turanci aka yi su duka, kuma ba su ne ake samu a zaurukan Agege ba.

Ita abin da ya tsaya mata a rai tun tana yarinya adakar kakanta ce. Cike take da wasiƙun ajami tsakanin fataken Agege da abokan cinikinsu a Kano da Gusau da Nguru da Ƙauran Namoda, garuruwan da layin dogo ya ratsa ko ya tuƙe. Huhu nawa aka loda, nawa ake sayar da ƙwarya, wa ya ci bashi, wa ya rasu, a gaishe da wance, a turo yaro karatu. Ta san ba gidansu kaɗai ke da irin wannan adaka ba, ta kuma san abin da danshin Ikko da gara ke yi wa takarda. Shekara biyar ta yi tana ba wannan aiki kowace Asabar. Ta bi gida-gida tana roƙon a buɗe mata akwati, ta ɗauki hoton takardu, ta mayar da su boko, ta bi sawun sunaye da wurare. Da yake mace ce kuma 'yar gida, ta shiga inda namiji mai bincike ba zai shiga ba. Ta zauna da tsofaffin da aka kawo su aure a jirgi suna 'yan mata, waɗanda suka yi tuwon sayarwa da adashi da zaɓen goro, ta naɗi muryoyinsu sa'o'i masu yawa.

Daga nan ne kayan kwalin suka fito: littafi da Hausa, hoton wasiƙa a shafin dama, boko da sharhi a na hagu, faifan ajiya mai ɗauke da muryoyin, ƙaramin littafin karatu da ta yi wa 'yan Islamiyya daga labaran tsofaffin, jerin shirye-shiryen rediyo, sai maƙalu, yawancinsu da Hausa.

Yadda fom ya ga aikin

Fom ɗinmu yana tambayar sunan mujalla, ƙasar da take fitowa, ko tana cikin manyan rumbunan ƙididdiga irin su Scopus, ko marubuci shi kaɗai ne ko kuwa na nawa ne a jerin sunaye. Sai gurbin maki. Babu inda yake tambayar me rubutun ya ce, ko daidai ne, ko ya amfani wani. Wannan an bar wa masana na waje, su kuma ba za su gani ba sai an wuce fom.

Littafin wasiƙun, da yake wata ƙaramar maɗaba'a ce a Arewa ta buga shi, ya sami maki kaɗan. Wani daga cikinmu ma ya ce tattara takardu ne kawai, ina binciken yake? Maƙalun Hausa suka faɗa gurbin "na gida", alhali ƙa'ida ta ce wani kaso na rubutun mutum dole ya fito a ƙasar waje. Muryoyin ba su da gurbi sam. Littafin yara da shirin rediyo aka zuba su a ɗan akwatin hidimar al'umma, inda zama a kwamitin wasanni ma yake samun maki daidai da su. Ba mu yi rabin sa'a ba muka gama auna aikin shekara biyar, bai kai ba.

Yana da kyau a san inda wannan mudu ya samo asali. Ma'aunin tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya ƙirƙiro a Amurka, lissafi ne na sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyun da suka gabata. An yi shi ne don a taimaka wa ma'aikatan ɗakunan karatu su zaɓi mujallun da za su saya, daga baya aka mayar da shi sandar auna mutane. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo nasa lissafin da ke haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu a lamba ɗaya. A fagen da bincike ke tsufa cikin 'yan shekaru, kuma kowa da Turanci yake rubutu, irin wannan lissafi yana iya nuna wani abu. A tarihi da adabi da harshe kuwa, littafi ne babban aiki, kuma yakan yi shekara goma kafin a fara ambatonsa yadda ya kamata. Gyara tsohon rubutu a fito da shi, ko fassara, ko ƙamus, aikin rayuwa ne. Nazarin Hausa kuma gidansa mujallu ne irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero, da Dundaye ta Sakkwato, masu karanta su suna Kano da Zariya da Katsina da Yamai, inda na'urar ƙirga ba ta cika leƙawa ba.

Ba zan zalunci fom ɗin ba, domin na ga zamanin da ya sa aka kawo shi. Na ga lokacin da mutum uku za su haɗa kuɗi su buɗe mujalla, su buga wa juna, su duba wa juna, su hau tare. An ce a fita waje ne don a karya wannan. Amma ga abin da ya biyo baya: mujallun da ke karɓar dala su buga komai cikin mako biyu, da cinikin "sa sunana in sa naka", da yanka bincike ɗaya gida huɗu don maki ya yawaita. Tun da aka saki Naira a 2023, kuɗin bugawa a waje ya zama abin da albashin malami ba ya ɗauka cikin sauƙi.

Abin da ya hana maganar mutuwa a nan wani matashin malami ne a sashenmu, masanin ilmin harshe. Ya taɓa roƙon Malama ta ba shi muryoyin tsofaffin, ta ba shi ba tare da wani sharaɗi ba. Ya yi nazarin yadda Yarabanci ya shiga Hausar Agege, ya rubuta da Turanci, wata mujallar waje ta buga, ya yi mata godiya a ƙasan shafin farko. Maƙala ce mai kyau, bai kuma ci amanar kowa ba. Sai ga shi a kan fom, wannan maƙala ɗaya ta fi littafinta maki. Shi da kansa ya same ni a ofis.

"Malam, wannan ai kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Ni ban taɓa zama ɗakin tsohuwa ko ɗaya ba. Abin da Yaya ta naɗo na saurara a kan kujerata."

Ya zo da takardu a hannu. Ashe ƙorafin ba namu ba ne mu kaɗai. A 2012 wasu masana suka tsara sanarwar San Francisco, wadda ake kira DORA, suna kira da a daina auna mutum da ma'aunin mujallar da ya yi rubutu a cikinta. A 2015 aka fitar da ƙa'idoji goma na Leiden, cikinsu har da cewa lamba ta zama mataimakiyar hukuncin masana, kuma a kare binciken da amfaninsa na gida ne. Wanda ya fi jan hankalina shi ne shirin HuMetricsHSS, da wasu malamai da ma'aikatan ɗakunan karatu suka fara a Amurka a 2016 musamman don fannonin adabi da tarihi da zamantakewa. Su sai suka juyo da tambayar. Maimakon a fara da abin da ke ƙirguwa, a fara da abin da ake daraja shi, sannan a nemi alamun da za su nuna an yi shi. Suka ambaci abubuwa biyar: adalci, buɗe aiki ga kowa, kyautata wa abokan aiki, inganci, da al'umma. Suka kuma ce kowace makaranta ta zauna ta fitar da nata da bakinta.

Zaman sashe

Shugabar sashenmu Bayarabiya ce, farfesa a adabin baka. Ba ta buƙaci dogon bayani ba, domin masu tattara oriki da ijala, wato kirari da waƙoƙin mafarauta na Yarabawa, a ɓangarensu irin wannan bango suke karo da shi. Ta kira zama.

Wanda ya fi kowa ja da maganar Bahaushe ne ɗan'uwanmu, dattijo mai dab da ritaya, kuma har yau ina ganin maganarsa ce mafi nauyi da aka yi a ranar. Ya ce mu yi hattara. Shi lamba ce ta cece shi. Akwai lokacin da yake ƙarƙashin shugaban da ba ya ƙaunar ganinsa, amma da ya ajiye maƙalunsa aka ƙirga, babu yadda aka iya da shi. Bayan taron ya ja ni gefe ya ƙara da Hausa: "Malam, mu nawa ne a makarantar nan? Lamba ba ta san Bahaushe ba, ba ta san Bayarabe ba, ba ta san ɗan gidan wane ba. Ranar da kuka ce a auna mutum da 'kyautata wa abokan aiki', to wanda ba ya durƙusa wa oga ya shiga uku. Mace mai faɗin gaskiya kuma ita za a fara cewa ba ta da ladabi."

Gaskiya ya faɗa. Na kwana da maganar, kuma amsar da na samu daga karatun zaure na same ta. Malaman Hadisi ba su karɓi ruwayar mutum don yawan abin da ya ruwaito ba. Abu biyu suke nema a wurinsa: adalci, wato amanarsa, da kiyayewa, wato ko yana riƙe abin da ya ji daidai. Ga ɗabi'a ga ƙwarewa a mudu ɗaya. Amma ba da ka suke yanke hukunci ba. Suna gwada ruwayarsa da ta wasu, suna tambayar waɗanda suka zauna da shi, kuma da yawansu sun tafi a kan cewa idan an soki wanda aka shaida da kirki, sukan ba ya karɓuwa sai mai sukan ya bayyana dalilinsa. Na kai wa dattijon wannan, ya ce in dai haka za a yi, a rubuce, da sunan mai shaida, kuma a ba mai fayil damar mayar da martani, to ya yarda a gwada.

Muka tsaya a kan kalmomi huɗu da muka ga sun fi kama bakinmu: amana, inganci, amfani, da haƙƙin wanda aka ci moriyar aikinsa. Muka cire duk abin da ya shafi halin mutum a ofis, muka bar abin da za a iya gani a jikin aikin. Ba mu da ikon taɓa maki, don haka muka ce za mu rubuta rahoto mu haɗa da fayil. Aka zaɓi mutum uku, ina cikinsu, aka ce mu je inda aikin ya fito.

Asabar a Agege

Na tafi da zaton shaidar yabo za mu kwaso mu dawo. Mun same ta kuwa. Wata Hajiya da ta haura tamanin ta sa aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ta ce: "Malam, ni ban san abin da kuke aunawa ba. Jikata dai ta dawo daga Islamiyya ta ce, Kaka, ashe ke ce kika taho a jirgi kina kuka har Jebba? Shekara nawa muna gida ɗaya ba ta taɓa tambayata daga ina na zo ba." Malamin Islamiyyar ya nuna mana littattafan, sun yi laushi saboda juyi. Ya ce yaran nan Yarabanci da Turancin titi sun fi zama a bakinsu, wannan ne karon farko da suka karanta Hausar da ke maganar layinsu da tasharsu. A ɓangaren amfani, ba mu sha wahalar samun hujja ba.

Daga nan muka wuce wurin liman, wanda ya tashi a kan rubutun allo irin na Warshu, irin hannun da aka rubuta wasiƙun da shi. Muka ba shi littafin, ya ɗora yatsa yana bin hoton wasiƙa, ni kuma ina bin bokon. Shafuka da dama suka tafi daidai. Can sai ya tsaya.

"'Yata, me kika ce a nan?"

"Allah ya gafarta Malam, goro biyu ne yake roƙo a aiko masa."

"Mutumin da ke zaune a kan huhun goro zai roƙi goro biyu daga Kano? Dubi wanda ya rubuta wa, malami ne. Dubi layin da ke biye, tafiya zai yi. Guru yake nema."

Ajamin da aka saba ba ya cika bambanta wasalin "o" da "u" ba, don haka goro da guru kamanninsu ɗaya a takarda, ma'ana ce ke raba su. Malama ta gina sakin layi guda na sharhi a kan wannan goro biyu, tana cewa alamar girmamawa ce tsakanin falke da malaminsa. Liman ya sami irin wannan a wasu wurare kaɗan. Bai rage mata daraja ba, ya ce aiki ne da su maza ba su yi ba, amma ya ƙara da cewa ajami ba ya karantuwa da ido ɗaya, da ta kawo sun zauna tare kafin a buga. A nan na gane cewa abokin aikinmu da ya yi shakkar ƙaramar maɗaba'a yana da rabin gaskiya. Sunan maɗaba'ar ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce babu mai karatu na biyu da ya bi rubutun, kuma mutumin da ya fi cancanta ya bi shi yana zaune a zaure, ba shi da digiri, babu tsarin jami'a da ya san da zamansa.

Na tambaye ta inda sauran kwafin muryoyin suke. Ta ce ɗaya a kwamfutarta, ɗaya kuma shi ne faifan da ta sa a kwali. Wato duk makonnin nan rabin amanar tsofaffin Agege tana ƙarƙashin teburina, a ofishin da rufinsa ke yoyo da damina. Kenneth Dike, wanda ya assasa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan a 1954, da Abdullahi Smith da ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, sun san cewa tattarawa rabin aiki ne, sai an ajiye inda wani zai samu bayan ranka. Ko da yake, in da a fom ɗinmu za a auna su, kafa ma'ajiyar nan ba shi da gurbin maki.

Abu mafi nauyi a ƙofar masallaci ya same mu bayan la'asar. Wani magidanci ya jira har aka watse, ya gaishe ni, bai dubi Malama ba.

"Malam, ku ne manyanta? To a cikin littafin nan akwai sunan kakanmu da na mahaifinsa, da bashin goro da aka ce ana bin sa. Gidan masu bin bashin layi biyu ne tsakaninmu da su. Yanzu 'ya'yanmu ake yi wa gori a makaranta. Wa ya ba ta izini?"

Yayansa ne ya buɗe mata akwatin, da baki ya ce ta ɗauki abin da take so, shi kuwa ba ya karanta ajami, bai san me ke ciki ba. Takardar ta nuna an ci bashi, ba ta nuna ko an biya daga baya ba. Kowa kuma ya san nauyin bashin mamaci a wurin Musulmi. Magana ce ta magada, ta Lahira, ta auratayya tsakanin gidaje biyu.

A mota muna dawowa, cikin cunkoson hanyar Oshodi, Malama ta daɗe ba ta yi magana ba. Daga baya ta ce: "Malam, ranar da na ga takardar nan murna na yi, don ita ce ta nuna mini yadda bashi ke tafiya tsakanin Agege da Kano. Hujja na gani. Na manta gidan mutane ne, ni da na tashi a layin."

Na sha juya wannan a raina. Da a ce da Turanci ta buga wasiƙar a mujallar waje, da sunayen da komai, da ta sami cikakken maki, kuma babu wanda zai tare mu a ƙofar masallaci, domin babu mai gani. Rubutun da ta yi da Hausa shi ya rage mata maki, shi ne kuma ya sa masu haƙƙi suka iya kama ta da laifi. Fom ɗinmu bai ga alherin da Hajiya ta faɗa ba, bai ga kuskuren guru ba, bai ga bashin ba. Mudun da muka ɗauko don mu taimake ta ya fi fom tsanani a kanta, kuma wannan ne ya sa na amince da shi.

Inda aka kwana

Mun rubuta rahoto mai shafi huɗu. Muka ce littafin bincike ne cikakke, irin wanda sauran bincike ke tsayawa a kansa, muka kafa hujja da maƙalar matashin malamin. Muka kawo kurakuran karatu da lambar shafinsu, da maganar izini, da maganar ajiya. Malama ta rubuta martaninta, ta karɓi uku, ta yi jayayya a kan karatu ɗaya da take ganin nata ne daidai, aka haɗa duka.

Babban kwamiti ya ce ƙa'idar maki ta majalisar makaranta ce, ba shi da ikon canza ta saboda mutum ɗaya. Ban ga laifinsu a wannan ba, dattijonmu ma abin da yake tsoro ke nan. Malama ba ta hau ba a shekarar. Abin da aka samu shi ne an yarda rahoton ya zauna a fayil ya bi takardunta zuwa ga masana na waje idan lokaci ya yi, an kuma tura maganar gyaran tsofaffin rubuce-rubuce da taskar muryoyi ga kwamitin da ke bitar ƙa'idoji. Tana can har yanzu. A sashe kuwa mun mayar da shi al'ada: duk mai neman ƙarin girma zai haɗa shafi biyu yana bayanin abin da ya yi da wanda ya yi dominsa, ya zaɓi ayyuka uku da yake so a karanta da gaske.

Akwai tsadar da dole in faɗa. Fom rabin sa'a ya ci. Wannan ya ci wa mutum uku kusan wata guda, da kuɗin mota daga aljihunmu, a kan fayil ɗaya. Sashen da ke da fayil goma a shekara, malamansa kuma kowa na ɗauke da ɗaruruwan takardun jarrabawa, ba zai iya haka ga kowa ba sai an ware masa lokaci da kuɗi, an kuma ƙirga wannan dubawar a matsayin aiki. Liman ma da ya ba mu yininsa, godiya kawai muka yi masa, kuma ina ganin da sauran haƙƙinsa a kanmu.

Yanzu Malama tana rubuta maƙalu biyu da Turanci don ta cike kason waje, ɗaya tare da matashin malamin, sunanta a gaba. Lokacin daga Asabar ɗinta yake fita, kuma biyu daga cikin tsofaffin da ta yi niyyar komawa wurinsu sun rasu a tsakanin nan. Muryoyin an kwafe su wuri uku. Ta janye littattafan da ba a sayar ba, tana bin wasiƙun ɗaya bayan ɗaya tare da liman don bugu na biyu, sunansa zai fito a bango.

Maganar bashi liman ne ya tara gidajen biyu a zaurensa. Jikokin mai bin bashin suka ce sun yafe duniya da Lahira, a gaban shaidu, aka yi fatiha. Saura abu ɗaya. Yayan yana so a cire wasiƙar gaba ɗaya daga bugu na biyu. Ƙanen, wanda ya tare mu a ƙofar masallaci, ya ce tunda an riga an gani, a bar ta da sunan kakansu, a rubuta a ƙasa cewa an yafe bashin, da ranar da aka yafe, don duk wanda ya karanta na farko ya ga ƙarshen maganar. Malama ta ce ba za ta kai littafin maɗaba'a ba sai su biyun sun zo mata da baki ɗaya, kuma wannan karon a rubuce.